KOKE A KAN TEBUR

Shafi na 27

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa Baban Tilo ba shi da zuciya, matarsa na yawo a rana saboda 'yarsu shi yana zaune a shago, to yau ku gyara zama. Ni dai ban ce komai ba.

* * *

Masu shara ba su gama goge barandar Majalisa ba Maman Tilo ta iso, mayafi a kafaɗa, takalmi na ƙwas-ƙwas. Yau ce ranar da za a gabatar da takardar kokensu. Tun da aka sayar wa wani kamfani filin makarantar kurame, aka kawo katafila aka girke a bakin ƙofa, iyayen yara suka naɗa ta shugaba. Ita ta bi gida-gida tana karɓar sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ta dangwala masa yatsa a tawada. Har yanzu gefen farcenta shuɗi ne, sabulu ya gaza.

Kuma yau ne zaman ƙarshe. Daga yau 'yan majalisa sai hutu, daga hutu sai zaɓe.

Mijinta na bayanta riƙe da jakarta, kansa a ƙasa. Mai walda ne, shagonsa na kallon katangar makarantar da 'yarsu Tilo take. Ba shi ya ce zai zo ba. Ita ta ce ya rufe shagon ya rako ta, kada a ce shugaba guda ta zo ba kowa nata.

"Ka ɗaga ƙafa mana, Baban Tilo. Kamar wanda za a kai a yi wa allura."

"Ina tafe."

Ofishin Akawun Koke ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda. Fayil a kan kujera, fayil a kan taga, fanka na juyawa da ƙyar tana kuka. Duk takardar koken da za ta shiga zauren majalisa sai ta bi ta hannun matar nan tukuna. Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta wulaƙanta mutane.

"Ina kwana, Hajiya Akawu?"

"Lafiya lau. Ke ce shugabar iyayen yaran nan ko? Zauna. Malam, ɗauke fayil ɗin nan ka samu wuri."

Maman Tilo ta ɗosana a bakin kujera tana murmushi.

"Na ce bari in leƙo in ji ko komai ya kammala. Sauran iyaye na waje cikin mota, har da masu goyo."

Akawu ta cire tabarau ta hau goge shi da bakin mayafi. Ta daɗe tana gogewa.

"Takardarku ba ta da aibu. An rubuta ta cikin ladabi, babu zagi. Kun faɗi abin da kuke roƙo a ƙarshe. Kowa ya sa hannunsa da kansa, ɗan majalisarku ma ya sa nasa a sama. Jiya na saka ta cikin ayyukan yau."

"Alhamdu lillahi!"

"Yau da safe na cire ta."

Murmushin bai bar fuskar Maman Tilo nan take ba.

"Kin... cire?"

"Na cire. Lauyan kamfanin ya zo da sassafe ya shaida mana cewa maganar filin tana gaban kotu. Na aika an tabbatar min. Dokar majalisa kuwa a fili take. Abin da ke gaban alƙali, majalisa ba ta karɓar koke a kansa."

"Kotu? Wace kotu? Hajiya, mu ba mu kai kowa kotu ba! Ni da bakina na tsaya a taron iyaye na ce kada wanda ya kuskura ya je kotu, can magana ke zuwa ta tsufa ta mutu. Ƙarya suke yi! Shirin kamfanin ne!"

"Ba kamfani ne ya kai ƙara ba. Kamfanin aka kai."

"To wa ya kai? Wane munafukin ne? Ki faɗa min sunansa, wallahi yau sai na..."

"Ni ne."

Ƙofa ta fara kallo. Ta ɗauka wani ne ya shigo. Ƙofa a rufe take, ba kowa sai mijinta zaune da jakarta a kan cinya.

"Kai ne me?"

"Ni na kai ƙarar."

"Baban Tilo, ba na son wasa yau."

"Kin taɓa ganin na yi wasa da maganar Tilo?"

Akawu ta yunƙura. "Bari in ba ku wuri."

"A'a, zauna, Hajiya! Zauna ki zama shaida. Ashe mai yi min zagon ƙasa ɗaki ɗaya muke kwana da shi." Ta juyo gaba ɗaya. "Tun yaushe?"

"Tun makon da aka kawo katafilar."

"Kana kallona ina yawo a rana, ƙafata har ta kumbura, ina dawowa kana ce min sannu?"

"Sannun gaskiya nake miki."

"Riƙe sannunka! Me na yi maka?"

Ya ajiye jakar a ƙasa a hankali. Mutumin nan ba mai magana ba ne, in ya yi jimla uku a jere a gida sai a tambaye shi ko lafiya. Yau kuwa bakinsa ya buɗe.

"Ranar da aka kawo ta, da aka tashi yara, Tilo ta tsallako shagona. Ta kama rigata, ta nuna katafilar, ta yi min wani abu da hannu. Haka."

Ya ɗaga hannayensa masu tabon wuta, ya buɗe yatsu a gaban ƙirji, a karkace, ba yadda ake yi ba.

"Ban gane ba. Ta sake, ban gane ba. Ta sake har ta yi fushi ta tafi. Sai da na je na tambayi malamarsu. Ta ce min, tsoro. Cewa take tana jin tsoro." Muryarsa ta yi ƙasa. "'Yata ta gaya min tana jin tsoro, sai da na nemo mai fassara."

Maman Tilo ta kau da kai.

"Daren nan ban yi barci ba. Akwai wani lauya da na taɓa yi wa ƙofar gida. Na sayar da ƙaramin janaretana na je wurinsa."

"Janaretan da ka ce min ya ƙone?"

"Shi."

"Inna lillahi! Har ƙarya ka koya?"

"Alƙali ya ba da oda, kada a taɓa ko bulo ɗaya sai an saurari ƙara. Kin ɗauka me ya hana katafilar nan motsi duk kwanakin nan?"

"Hirar da na yi a rediyo mana! Kowa ya sani. Gari ya ɗauka, suka ji kunya suka..."

"Kamfani ba ya jin kunya, Maman Tilo. Takardar kotu ce manne a gilashin direba. Kullum ina kallonta daga shago."

Duk cikin maganganunsa wannan ta fi yi mata ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Mata sun rungume ta a kan hirar nan. Tsofaffi sun sa mata albarka, ana nuna ta a titi ana cewa ga wadda ta tsayar da katafila da bakinta. Ita ma ta yarda, wa ba zai yarda ba? Ashe wanda take aika ya ɗauko mata jaka ne ya tsayar da ita.

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na so in gaya miki ranar da..."

"Kada ka ce min ka so! Wanda ya so faɗa yake yi!"

"Kin gani ko? Yaushe kika taɓa bari na kai ƙarshen magana?"

Kafin ta ba shi amsa ƙamshin turare ya cika ofishin, sannan mai turaren ya biyo baya. Onarabul ne, ɗan majalisar yankinsu, kaya sun sha sitati, waya biyu a hannu ɗaya. Shi ne ya yarda zai gabatar da koken, don talaka ba ya shiga zaure da ƙafarsa ya miƙa takarda, sai ta hannun ɗan majalisa.

"Akawu, me nake ji haka? Na kira 'yan jarida, na gaya wa Kakakin majalisa, yanzu a ce min an cire?"

"Ranka ya daɗe, magana tana kotu."

"Wa ya kai ta?"

Onarabul ya dubi Maman Tilo, ya bi inda idonta yake, ya sauke nasa a kan mai walda.

"Kai? Haba, Malam! Ka san irin wahalar da na sha kafin a ba ni gurbi a ranar ƙarshe?" Ya juya ga Akawu. "Mece ce mafita?"

"Hanya ɗaya ce. Mai ƙara ya janye ƙararsa, a kawo min shaida da hatimin kotu kafin Kakaki ya shiga zaure. In ta zo, zan mayar da takardar cikin ayyukan yau. In ba ta zo ba, sai sabuwar majalisa. Wannan takardar za ta mutu tare da wannan majalisar, su sake tara sa hannu daga farko."

"Daga farko?" Maman Tilo ta dafe ƙirji.

"Daga farko."

"To ai da sauƙi," in ji Onarabul. "Kotun ba nisa. Malam, kira lauyanka."

"Ranka ya daɗe, in na janye, odar ta faɗi."

"Oda ta wucin gadi? Ita kake taƙama da ita? Gobe kamfani ya tara manyan lauyoyi su danne naka guda ɗaya, a ɗage ta, mu kuma muna hutu. Wa za ka kai wa kuka? Amma in magana ta shiga zaure ta zama ta majalisa. Duniya za ta ji."

Lauyan Baban Tilo ma ya gaya masa odar ba ta dindindin ba ce, a nan Onarabul bai yi ƙarya ba.

Akawu ta mayar da tabaraunta ta dubi Maman Tilo.

"Baiwar Allah, kin taɓa kallon yadda ake gabatar da koke?"

"Ban taɓa ba."

"To bari in gaya miki, kada ki ce ban faɗa ba. Ɗan majalisa zai tashi ya faɗi ko su wane ne masu koke, ya faɗi roƙonsu a taƙaice, ya kai takardar ya ajiye a kan tebur. Ba muhawara, ba ƙuri'a. Kakaki ya tura ta kwamiti. Kwamitin kuwa ba zai zauna ba sai..."

"Akawu, Akawu." Onarabul ya ɗaga hannu yana dariya. "Ke takarda kika sani, zaure namu ne. Kakaki abokina ne, benci ɗaya muka zauna a makaranta. Ina tashi zan roƙe shi ya ce kowa ya tsaya inda yake. Kalma ɗaya daga kujerar nan, ko kamfanin uban waye sai ya kashe inji."

"Ranka ya daɗe, dokar ba ta ba da..."

"Ki bar min wannan."

Maman Tilo ta ji maganar Akawu sarai. Amma ta taga tana hango motar iyaye a gindin bishiya, wata uwa ta fito tana jijjiga goyo, wani tsoho na gyara kwalin da ya rubuta da hannunsa. Mutanen nan sun bar sana'arsu saboda ita ta ce su zo. Da wane baki za ta fita ta ce musu mijinta ne ya rufe ƙofa?

"Baban Tilo, je ka janye."

"Ki tsaya ki yi tunani."

"Na gama tunani."

"Katafilar nan da mai a cikinta. Direban a gindinta yake wuni. Abin da suke jira ke nan. Me kike tsammani ya kawo lauyansu nan da sassafe? Ƙaunarki?"

"Don ya hana a karanta kokenmu ya zo! Majalisa suke tsoro, ba takardarka ba!"

"Maman Tilo..."

"In ba za ka janye ba, ga ƙofa nan. Fita ka gaya wa iyayen can da bakinka. Ka gaya musu kai ka fi su son 'ya'yansu."

"Ba haka na ce ba."

"Kai ka san abin da makarantar nan take a wurina? Ni na goya yarinyar nan har ta yi wayo ba ta taɓa ce min komai ba, sai kuka da nuni. A can aka buɗe mata hannu. Ranar da ta fara ce min Mama da yatsunta, kana ina? Kana shago! Ni na zauna a benci da ƙananan yara na koyi maganar hannu. Kai da ko sunan 'yarka ba ka iya yi da hannu ba, yau kai ne za ka koya min yadda zan cece ta?"

Har Onarabul sai da ya sunkuyar da kai ya hau latsa waya.

Tana rufe baki ta san ta wuce wuri. Ta ga yadda ya dubi hannayensa, ya juya su, ya mayar cikin aljihu. Zuciyarta ta ce ta kira shi ta ba shi haƙuri. Bakinta ya ƙi.

Ya miƙe. Ya ɗauki jakarta daga ƙasa, ya kaɗe ƙurar, ya ɗora mata a kan tebur.

"Shi ke nan. Allah ya sa ke ce da gaskiya."

Ya fita. Ni kuwa na ce kayya, wannan fitar ba ta yi min daɗi ba.

* * *

Majalisa ba ta zama a kan lokaci, wannan ya taimake su. Rana ta take sosai kafin Baban Tilo ya dawo, rigarsa ta jiƙe da gumi, da takarda mai jan hatimi a hannu. Bai ba matarsa ba. Ya wuce ta a baranda ya miƙa wa Akawu.

Akawu ta karanta, ta sake karantawa, ta ja numfashi.

"An mayar da ita," ta ce.

Maman Tilo ta tare shi a bakin matakala.

"Zo mu hau sama. An ba mu kujeru a wajen 'yan kallo."

"Ki hau. Ni shago zan koma."

"Ba za ka tsaya ka ga..."

"Lauyan kamfani na tsaye a wurin lokacin da ake buga hatimin. Har hannu ya ba ni." Ya dube ta karo na farko tun da suka rabu. "Kafin in kai ƙofa ya ɗaga waya."

Ta dake.

"To ya kira duk wanda zai kira. Yanzu Kakaki zai yi magana."

Ya sauka, ta ji tashin babur ɗinsa.

A ƙofar wajen 'yan kallo masu gadi suka karɓe wayoyin kowa, suka zuba a akwati, suka ba su 'yan katuna. An ja musu kunne. Ba tafi, ba magana, ba ɗaga kwali. Tsohon nan ya jingine kwalinsa a bango yana waiwayensa.

Suka zauna a sama suna leƙen zaure. Kujeru masu laushi a jere, fiye da rabi ba kowa. Waɗanda suka zo ma hira suke, wani na dariya har yana dukan kafaɗar na kusa da shi. Aka buga ƙofa, aka shigo da sandar majalisa a kafaɗa, Kakaki na biye. Kowa ya miƙe. Aka yi addu'a, aka amince da bayanin zaman jiya, aka hau karanta sanarwa. Ɗiyar wani ɗan majalisa ta gama jami'a. Kwamitin kaza zai yi liyafar bankwana. Maman Tilo na zaune tana murza bakin mayafi, ƙafarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Koke-koke," in ji Kakaki, ko kai bai ɗaga ba. "Akwai mai koke?"

Onarabul ya miƙe. Matar da ke kusa da Maman Tilo ta damƙe mata hannu.

"Mai girma Kakaki, ina gabatar da koke daga iyayen yaran makarantar kurame da ke yankina. Suna roƙon wannan majalisa mai daraja ta binciki sayar da filin makarantar, ta kuma hana rushe ta. Mai girma Kakaki, in ka ba ni dama, waɗannan yara..."

"Onarabul."

"Mai girma Kakaki, kalma ɗaya kawai. Akwai katafila a bakin..."

"Onarabul, ka san doka. Ba a jawabi a kan koke. Yau aiki ya yi mana yawa. Ajiye."

"Ina roƙon kujera ta ba da umarni kowa ya tsaya..."

"Ba ni da wannan a gabana. Ka ajiye, ko ka zauna da abarka."

Wasu suka yi dariya. Onarabul ma ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka zolaya a cikin abokai. Ya fito daga layinsa, ya rusuna, ya taka zuwa teburin da ke gaban Kakaki. Ya ɗora takardar a kan wasu takardu, ya sake rusunawa, ya koma.

"An ajiye. An tura wa Kwamitin Koke-koken Jama'a." Kakaki ya buga guduma. "Abu na gaba."

Shi ke nan.

Maman Tilo ta ci gaba da leƙe, tana jira a fara. Ta ga wani ma'aikaci ya zo ya tattara takardun kan tebur, tasu a ciki, ya rungume ya fita ta wata ƙaramar ƙofa. Wani ɗan majalisa ya tashi ya hau magana a kan kwangilar fitilun titi.

"Shugaba," matar kusa da ita ta raɗa mata, "yaushe za a yi tamu?"

"An yi."

"An yi? Me suka ce?"

Duk gidajen da Maman Tilo ta shiga, duk yatsun da ta dangwala a tawada, duk abin da ta gaya wa mijinta a gaban mutane, a kan wannan ne. Ko ruwa mutum ya ɗauka zai sha, bai ajiye kofi ba an gama. Wani tsoro ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta miƙe ta hau tsallake ƙafafun mutane. Mai gadi ya yi mata alama ta zauna, ba ta ko kalle shi ba.

A baranda ta yi karo da Onarabul, ya fito yana gyara hula, 'yan jarida sun kewaye shi.

"Ranka ya daɗe! Ka ce Kakaki zai..."

"Shugaba! Zo ki tsaya kusa da ni a ɗauke mu. Kin ga yadda na yi ta fama da shi ko? An kafa tarihi yau."

"Umarnin fa? Ka ce zai ce kowa ya tsaya!"

"Ai yanzu magana tana hannun kwamiti. Da mun dawo hutu..."

Ba ta tsaya jin ƙarshe ba. Ta ruga wurin akwatin wayoyi, ta jefa wa mai gadi katinta. Ta kunna wayar. Kira a kan kira, duk daga mutum ɗaya, malamar su Tilo.

Kafin ta danna, wayar ta sake ruri.

"Malama?"

Ƙara ce ta fara dukan kunnenta, rugugin inji da faɗuwar wani abu mai nauyi.

"Maman Tilo! Ina kika shiga? Tun ɗazu nake nemanki! Sun shigo! Sun ce an janye ƙara, ba abin da ya hana su. Ko kayanmu ba su bari mun kwashe ba!"

"Yaran fa? Malama, yaran!"

"Mun fito da su, suna bakin titi. Amma..."

"Amma me?"

"Tilo ta ce min kanta na ciwo, na ce ta je ɗakin jinya ta kwanta. A rikicen nan na manta, wallahi na manta! Sai da muka jera su na ga ba ta."

Maman Tilo ta jingina da bango.

"Ku shiga ku ɗauko ta! Ku tsayar da direban!"

"Ta baya suka fara, ta wajen ɗakin! Muna ta ɗaga masa hannu, ƙura ta rufe ko'ina, ba ya ganinmu, ba ya jin mu. Masu gadinsu sun tare ƙofa. Babanta ne kawai ya ture su ya kutsa ciki."

"Ya same ta?"

"Ban sani ba. Tsaya... ji."

Malamar ta ɗaga wayar sama. Cikin rugugin injin, can nesa, Maman Tilo ta jiyo muryar mijinta. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gidansa ba, yana ƙwala kira kamar maƙogwaronsa zai tsage.

"Tilo! Tilooo! Ina kike? Tilo!"

Ta damƙe wayar da hannu biyu, ta kurma ihu a tsakiyar barandar Majalisa, har 'yan jarida suka waiwayo.

"Ba ta jin ka! Baban Tilo, ba ta jin ka!"

Wani bango ya faɗi. Wayar ta ɗauke.